Bijimin Sallah da Na Yi wa Ƙazafi

Goggo Zenaba, ina yi miki sallama. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin likita ya sa mini rana, ni kuwa akwai abin da ya tsaya mini a maƙogwaro wata huɗu ke nan, ya ƙi wucewa ya ƙi fitowa. Na kira ki Goggo ne don haka kowa yake kiranki a wannan fili, amma na tabbata 'yata ta fari ta girme ki. Ita ce take karanta mini amsoshinki a waya in ta zo wanke mini ƙafa. Wannan takarda kuwa da hannuna na rubuta ta da ajami, da manyan baƙaƙe, kwana uku ina fama, don kada wani a gidan nan ya san abin da ke ciki. Ki nemi wanda zai juya miki ita, kuma ki sauya sunayen mutane.

Ni mahauci ne, ɗan mahauci, jikan mahauci, a nan Garwa. Shekaruna tamanin da shida. Ban yi lekol ba, wato makarantar boko, ban tara abin duniya ba, amma Allah ya ba ni hannu. Wasu da ido suke sayen sa, ni da tafin hannu nake saye. In na dafa gindin wutsiya, na matsa kwiɓi, na bi haƙarƙari har zuwa ƙirji, zan gaya miki yawan kitsen da ke ciki, in gaya miki ko kanwa aka ba shi ya sha ruwa ya kumbura don a ruɗi mai saye, in gaya miki ko huhunsa ya manne da haƙarƙari. Shekara sittin ana yanka ana dubawa, ba a taɓa kama ni da kuskure ba. Har Fulanin kasuwar Adumri sun laƙaba mini suna a kan haka, amma ba zan faɗe shi ba don kada a gane ni.

Ina da aboki, Saleh. Tare muka tashi, tare muka fara koro shanu da ƙafa tun gemu bai fito mana ba. Ya girme ni da shekara biyu. Ki riƙe wannan da kyau, Goggo, shi ne babba. Kuma a cikinmu shi ne ragon jiki. Siriri ne, kullum da abin da ke damunsa, in ba zazzaɓi ba to ciwon ciki. Akwai shekarar da kurkunu ya kama shi muna dawowa daga kasuwar Bogo, a bayana na goyo shi rabin yini har muka iso inda ake samun mota. In damina ta cika mayo, wato kogi, ni nake kama wutsiyar bijimi in haye, in dawo in haye da shi. A abatuwa, wato mayanka, ni nake kayar da sa, shi yana gefe riƙe da igiya yana ba da umarnin da ba wanda ya nema.

Yau ga ni a kan tabarma, shi yana yawo.

Ciwon suga ya kama ni shekara goma sha biyu da suka wuce. Ni da ban taɓa shan taba ba, ni da shayi ma sai an matsa mini. Saleh kuwa har gobe sai ya zuba sukari cokali uku a ɗan kofin da bai kai tafin hannu ba, ya ci tozo, ya ci kitse, ya kora da goro, ba abin da ya same shi. Ni kuwa gwiwoyina suka fara lalacewa, sannan na taka ƙusa a tsakar gida, ɗan ramin da bai kai ƙwayar gero ba ya zama gyambo. An cire mini yatsu biyu bara. Yanzu likita ya ce sai an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, nan da mako uku, kuma Christian, malamin asibitin da yake duba mini ciwon, bai ɓoye mini ba cewa zuciyata ta yi rauni, ba wanda zai yi mini alkawarin farkawa daga allurar barci. A zaune nake salla. Nama kuwa, ni da na ciyar da rabin unguwa, sai an daka mini shi kamar na yaye.

Ɗana Sulaimanu ne ya gaji rumfar. Da farko yakan ɗauke ni a bayan moto, wato babur, mu je Adumri ranar Alhamis, in zaɓa masa shanu. Da ƙafar ta matsa sai ya riƙa nemo mota. Ranar da wata karsana ta ture ni na faɗi cikin kashin shanu a gaban jama'a, daga nan ya ce in huta. Alhamis ta gaba ina jin motonsa ya tsaya a ƙofar gidan Saleh, wanda ba shi da nisa da namu. 'Ya'yan Saleh ba wanda ya bi sana'a, ɗaya yana koyarwa a Maruwa, ɗaya yana jan kamiyo, babbar motar kaya, saboda haka ya rungumi nawa kamar shi ya haife shi. Shekara huɗu ina jin tashin moton nan kowace Alhamis da sassafe, kuma ban taɓa sabawa ba.

Kada ki ce Saleh ya yar da ni. Da ma ya yar da ni, da ya fi mini sauƙi. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya biyo, hularsa a karkace, ya zauna a bakin tabarmata ya buɗe mini kasuwa: wane ya kawo garke daga Chadi, wane an cuce shi da tsohuwar saniya, wane Bororo ya tambayi lafiyata. Yana magana yana tauna kilishi da haƙoransa na asali, ina jin ƙarar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne warin shanu da ke jikin rigarsa, ko ta Juma'a ce sai na ji shi. In ya tafi sai in juya fuskata bango in ƙi cin abinci, 'yata ta ɗauka sugan ne ya tashi. Na yi istigfari, na yi ta'awizi, na gaya wa kaina cewa lafiya rabo ce. Amma in na tuna ni na goyo mutumin nan, sai ƙyashi ya taso mini sabo.

Yanzu ga abin da na aikata.

A gidanmu akwai al'ada tun zamanin kakana. Bijimin da za a yanka don naman Sallah, kafin a zaga gari da shi, sai an kawo shi ƙofar gida babban gidan ya dafa shi ya sa albarka. Ubana ya yi, da ya rasu ni na karɓa. Azumin da ya wuce, saura kwana biyu Sallah, bayan la'asar, zafin Garwa yana dafa mutum a tsaye, na ji kalangu ya doso layinmu. Aka ɗauko ni a kujera aka ajiye a ƙofa. Sai ga bijimin. Gudali ne ja, daga wajen Tinyer aka kawo shi, tozonsa har ya kwanta gefe. Aka matso da shi na ɗora hannu.

Goggo, rabona da taɓa dabba irin wannan ya fi shekara ashirin. Kitsen a shimfiɗe yake daidai, ba ruwa, ba kumburi, numfashinsa a sake, ƙirjinsa lafiya lau. Na buɗe baki zan sa albarka, sai na ji makaɗi ya juya kiɗan, yana wasa Saleh. Mahauta suna ta faɗa wa juna cewa daga nesa Baba Saleh ya hango shi cikin shanu sun fi ɗari biyu, ko taɓa shi bai yi ba ya ce wannan ne. Na ɗaga kai na gan shi tsaye kusa da ɗana, ya gicciya sanda a kafaɗu ya rataya hannuwa kamar saurayin Fulani, yana murmushi. Ni kuma ga ni a kujera, ƙafata naɗe da tsumma, ƙudaje suna bi.

Na sa a juyo mini ƙirjin bijimin. Na sake dafawa, na daɗe, na ɓata fuska. Sannan na ce huhunsa ya manne, in aka yanka shi likitan dabbobi zai kama naman gaba ɗaya. Da azumi a bakina na faɗa, kuma ina sane sarai ƙarya nake yi.

Kalangu ya tsaya. Sulaimanu bai yi musu ba, domin tun yana yaro bai taɓa ganin hannun nan ya saɓa ba, kuma ba mahaucin da zai yarda a kama masa nama a jajibirin Sallah. Aka mayar wa dillali da bijimin, washegari aka loda shi a kamiyo zuwa kudu, shi ke nan shaida ta tafi. Saleh kuwa ya sauke sandarsa, ya ce in dai hannun nan ne ya faɗa to haka ne, idonsa ne ya tsufa. Ya yi sallama ya tafi gida da ƙafa.

Kin san bakin 'yan kasuwa. Kafin a sauko idi labari ya bi rumfa-rumfa cewa idon Baba Saleh ya ƙare, saura kaɗan ya jefa Sulaimanu cikin asara. Wanda yake neman shi ya daina. Shi ma Sulaimanu, cikin ladabi, ya ce masa ya huta, irin hutun da ya ba ni. Ni kuwa sunana ya sake tashi. Yanzu a mako sai a kawo mini shanu biyu ko uku har ƙofar gida in dafa, ana cewa tsoho yana zaune amma ya fi masu yawo gani. Ba zan ɓoye miki ba, makonnin farko na ji sanyi a raina. Alhamis ta zo ban ji moto ya tsaya a ƙofar Saleh ba, na ci tuwo na ƙara.

Amma bai daina zuwa Juma'a ba. Da farko da ƙafa yake zuwa kamar kullum. Bayan wata biyu na ga yana dogara sandar da a da yake wasa da ita. Juma'a biyu da suka wuce a kan moto aka kawo shi, sai da mai moton ya riƙe shi ya sauko. Ba labarin kasuwa, ba warin shanu a rigarsa, sai warin man zafi. Mukan zauna, ya tambayi ƙafata, in tambayi gwiwarsa.

Kuma ya sani, Goggo. Sulaimanu ne ya gaya mini, ba tare da ya gane abin da yake faɗa ba, cewa safiyar da za a loda bijimin, Saleh ya je wurin, ya ɗora hannu a ƙirjinsa ya daɗe, sannan ya juya ya tafi. Hannunsa bai kai nawa ba, amma ba a ɓoye wa wanda ya shekara saba'in cikin shanu lafiyayyen huhu. Ya san na yi masa ƙarya, ya haɗiye, ya bar sunansa ya zube don kada nawa ya zube. Kina tsammani wannan ya sa na ji kunya kawai? Na ji kunya, amma har da baƙin ciki. Ya fi ni ƙafa, ya fi ni haƙori, ya karɓe mini ɗa, yanzu kuma ya fi ni hali. Ko a lahira ma da alama yana gabana. Har haƙurin nasa nake yi wa ƙyashi, Allah ya yafe mini.

Na yi tunanin in rubuta gaskiya in liƙe a ambulan, in ce a buɗe in ban farka ba. Na yi tunanin in kira shi mu biyu in roƙe shi gafara, magana ta mutu a nan. Na yi tunanin in yanka rago in yi sadaka in yi shiru. Domin in na faɗa a fili, me ya rage mini? Ba ƙafa, ba haƙori, ba rumfa. Hannun nan kaɗai ne, kuma daga ranar za a fara tambaya ko duk shanun da na kushe a baya ƙyashi ne. Da wane ido zan dubi Sulaimanu? In kuwa na yi shiru, ina kallon mutumin da na taɓa goyawa yana narkewa a gabana.

Ki gaya mini abin da zan yi. Ki kuma gaya mini ko akwai maganin wannan abu da ke cin zuciyata, domin ko yanzu da nake rubutu, da na zo kan sandar da ya gicciya a kafaɗu, sai da na ajiye alƙalami.

Naki,
Tsohon Mahauci, Garwa

*

Baba, amin wa alaikas salam. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ciwon nan kaffara ne. Takardarka ta iso, wani malami maƙwabcina ya juya mini ita, kuma na ɗora ta a gaban duk waɗanda suka riga ta saboda ranar da likita ya sa maka.

Zan fara da abin da ka tambaya a ƙarshe. Abin da ke cin zuciyarka ba baƙo ba ne, kuma ba ya nuna kai mugu ne. Mutumin da ya shekara sittin yana kayar da sa, rana ɗaya aka ce ya zauna, dole ya yi makokin jikinsa. Kai ba ka sami inda za ka yi makokin ba, sai ya fito ta kan wanda ya fi kusa da kai. Ba Saleh kake ƙi ba, ƙafafunka kake nema, shi kuma kullum yana shigo maka da irinsu har bakin tabarma. Sulaimanu da Saleh su ma suna da nasu laifin. Sulaimanu ya yi maka gata da ya hana ka kasuwa, amma bai tsaya ya tambayi abin da zai maye maka gurbinta ba. Saleh kuma, da kyakkyawar niyya, ya shekara huɗu yana ba mai yunwa labarin tuwo. Da ɗayansu ya lura, da wataƙila ba a kai nan ba.

To amma, Baba, jin ƙyashi daban, abin da ka yi da shi daban. Na farko tsakaninka da Allah ne. Na biyu haƙƙin mutum ne, kuma a bainar jama'a ka ci shi, da kalangu da komai. Saboda haka duk hanyoyi ukun da ka lissafa ba su isa ba. Rago sadaka ce mai kyau, amma ba zai mayar da Saleh Adumri ba. Roƙon gafara a ɗaki zai sauke maka nauyi, shi kuma ya koma gida da nasa yadda ya zo da shi. Ambulan kuwa ita ce mafi muni a cikinsu, domin ma'anarta ita ce in ka mutu Saleh ya sami gaskiyarsa, in ka rayu ya ci gaba da zama. Kada ka sa lafiyar abokinka ta dogara da mutuwarka.

Akwai hanya ta huɗu da ba ka ambata ba, kuma ina zargin ita ce a ranka. Na sauya sunaye kamar yadda ka ce, amma mahauta nawa ne a Garwa da ake kai wa bijimin Sallah ƙofar gida? Kuma wa take karanta maka wannan fili? Ina ganin kana so takarda ta faɗa a madadinka. Ban yarda ba. In 'yarka ce take karanta maka waɗannan layuka yanzu, to ki yi haƙuri, 'yar'uwa, ki riƙe bakinki, ki bar mahaifinki ya faɗa da nasa.

Ga yadda nake ganin za ka bi. Kada ka jira Juma'a. Gobe ka sa a ɗauke ka a kai ka gidan Saleh, ko a kujera ne, tunda ka ce ba nisa. Ya yi ta zuwa wurinka shekara da shekaru, sau ɗaya kai ma ka je. Ka gaya masa abin da hannunka ya ji a jikin bijimin nan, ka gaya masa dalilin da ya sa bakinka ya faɗi akasinsa, da sunan abin, kada ka sakaya. Zai ce maka a bar maganar, ya wuce, kada a tayar da ita. Kada ka karɓi wannan kyauta, ya riga ya biya maka da yawa. Daga nan ka kira Sulaimanu shi kaɗai, domin bai kamata ya ji a bakin wani ba. Sannan ka sa ya tara mahautan da suka halarci ranar, a ƙofar gidan da aka yi maganar, ka faɗa a gabansu, Saleh yana zaune. Ba sai ka yi dogon jawabi ba. Bijimin lafiyarsa ƙalau, idon Saleh bai yi kuskure ba, kai ne ka yi son zuciya. A aika wa dillalin ma, domin shi da mai dabbar an ɓata musu kaya.

Ba zan ce maka ba za a yi surutu ba. Za a yi, wasu ma za su daina kawo maka shanu, kuma zai yi ciwo. Amma ka auna tsoron naka da kyau. Shanun da ka kushe a baya an yanka su an gani, mahauta da idonsu suka duba huhu da hanta, wannan ba ya gogewa. Hannunka bai taɓa kuskure ba, har a ranar ma bai yi ba. Game da Sulaimanu kuwa, zai ji zafi, zai yi kwana biyu yana kauce wa idonka. Amma ɗan da ya mayar da bijimin Sallah a kan kalma ɗaya daga bakin ubansa ba zai yar da uban don ya faɗi gaskiya ba. Abin da zai fi yi masa ciwo shi ne ya gano daga baya, lokacin da ba kai ba Saleh, cewa da hannunsa ya zaunar da mutumin da bai yi laifi ba.

In an wuce wannan, ka nemi abu biyu a wurin ɗanka. Na farko, Alhamis mai zuwa ya tsaya a ƙofar Saleh, ko da a mota ne, ko da zagaye ɗaya kawai tsohon zai iya yi cikin shanu, kuma a kai shi a duba masa gwiwar. Na biyu, duk dabbar da aka kawo maka ka dafa, ya zo ya ɗora hannunsa kusa da naka. Ka yi ta kukan an karɓe maka ɗa, amma a duk takardarka ban ga inda ka ce ka zauna ka koya masa abin da ke tafin hannunka ba. Wannan aiki ne da ba ya bukatar ƙafa, kuma ba wanda zai iya shi sai kai. Saleh ya zaɓo a kasuwa, kai ka tabbatar a gida, yaron ya koya daga ku biyu.

Game da tiyata, kada tsoro ya sa ka ja da baya. Ka tafi da 'yarka ku zauna da likita, ku tambaye shi komai: abin da za a yi wa zuciyar kafin ranar, tsawon jinya, keken da za ka hau, da ko nan gaba za a iya sa maka ƙafar roba. Ka kuma daina juya fuska bango kana ƙin abinci, mai ciwon suga ba ya wasa da wannan. In ranka ya ɓaci ka faɗa wa 'yarka cewa ranka ne ya ɓaci, ta daina neman laifin suga.

Shi kuwa ƙyashin, ba zan yi maka alkawarin zai tafi rana ɗaya ba. Wataƙila ranar da ka sake jin moto ya tsaya a ƙofar Saleh zai taso maka kamar da. In ya taso ka ambaci sunan Saleh ka roƙa masa ƙarin lafiya, ko zuciyarka ba ta so, kuma in ya zo Juma'a ka gaya masa a fuska cewa yau ma ka ji haushinsa. Abokai ne ku tun ba ku da gemu, zai iya ɗauka, wataƙila ma ya yi dariya. Abin da aka faɗa da baki ba ya samun ƙarfin da yake samu in an rufe shi.

Baba, kai kana da mako uku, amma ban san ko Saleh yana da su ba. Ba wanda ya fi ka sanin abin da zama yake yi wa tsoho, domin kai ya fara yi wa. Mai shekara tamanin da takwas in ya zauna wata huɗu ana iya tayar da shi, in ya kai shida ko bakwai sai dai a riƙa ɗaukarsa. Ƙafarka tana hannun Allah da likita, ba abin da za ka iya yi mata. Ƙafafun Saleh kuwa a bakinka suke. Ka je gobe.

Allah ya sa a yi aikin cikin nasara, ya tashe ka lafiya, ya sanyaya maka zuciya, ya bar ku tare kai da abokinka.

Taka,
Goggo Zenaba